Yadda Ake Cefane a Kasuwar Manoma da Tsara Girkin Iyali Bisa Lokacin Amfanin Gona

A gidaje da yawa, ana fara yanke shawarar abin da za a dafa ne, sannan a fita neman kayan haɗinsa, ko da ba lokacinsu ba ne, ko da farashinsu ya hau, ko da sun sha doguwar tafiya sun iso kasuwa a galabaice. Shawarar da nake bayarwa ita ce a juya wannan tsari: a fara duba abin da gonaki da lambuna suke fitarwa a makon da ake ciki, a saye shi daga hannun wanda ya noma shi in da hali, sannan a ɗora girkin iyali a kansa. Wanda ya yi haka zai ci mai daɗi da kuɗi kaɗan, amma da sharaɗi guda, wato ya san abin da zai yi da kayan idan ya kawo su gida. Kayan lambun da aka saya da araha, suka ruɓe a kwando kafin a waiwaye su, sun fi kowane kaya tsada. Wannan asara kuwa ba ƙarama ba ce, domin rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya ƙiyasta cewa an zubar da abinci fiye da tan biliyan ɗaya a shekarar 2022, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na ɓarnar a cikin gidaje ta auku, ba a shaguna ko wuraren sayar da abinci ba.

Dalilin bin lokaci

Idan manoma da yawa suka girbe abu ɗaya a lokaci guda, kasuwa takan cika, farashi ya faɗi, kuma tun da kayan lambu ba sa jira, manomi ya fi son ya sayar yau da ya koma da kayansa gida. Wannan dalili kowa ya san shi. Dalili na biyu shi ne ɗanɗano. Kayan da za a kai nesa akan tsinke su tun ba su gama nuna ba domin su jure wahalar hanya, alhali manomin da yake kusa da kasuwa yana iya barin tumatirinsa ya nuna a jikin uwarsa. Bayan haka, amfanin gona ba ya mutuwa da zarar an cire shi. Yana ci gaba da numfashi, yana ƙona sukarin da ke jikinsa, yana kuma rasa ruwa. Ɗanyar masara takan soma juyar da sukarinta zuwa sitaci tun daga sa'ar da aka karya ta, shi ya sa wadda aka karyo da safe ta fi wadda ta kwana uku zaƙi nesa ba kusa ba. Haka ma bitamin C da ke cikin ganye yake raguwa kullum, musamman a wuri mai zafi.

Wannan ba yana nufin a ƙaurace wa duk abin da ba lokacinsa ba. Busasshen kaya da wanda aka daskarar jim kaɗan bayan girbi suna riƙe da mafi yawan amfaninsu, kuma su ne suke cike giɓi a watannin da kasuwa ta yi fayau. Abin nufi shi ne kaso mafi girma na kuɗin cefane ya tafi ga abin da yake kan ganiyarsa.

Kowane amfani yana da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma sanin wannan ya fi haddace sunayen watanni amfani. A farkon fitowarsa yakan yi tsada, wani lokaci ma bai gama ƙosawa ba, saboda haka a sayi kaɗan don marmari. A tsakiya ne inganci da araha suke haɗuwa, kuma a nan ne ya kamata a ci shi a ƙoshi, a kuma sayi na ajiya. A ƙarshe yakan fara ƙanƙancewa ko ya yi saurin lalacewa, sai a saya don tukunyar yau da gobe kawai. Babu jadawali ɗaya da zai dace da kowa, domin inda ake da yanayi huɗu a shekara ya bambanta da inda ake da damina da rani, noman ban ruwa kuma yana da tasa kakar daban. Hanya mafi sauƙi ita ce a tanadi ƙaramin littafi, a riƙa rubuta abin da ya cika kasuwa kowane mako da yadda aka saye shi. Kafin shekara ta zagayo, iyali sun mallaki jadawalin da ya dace da inda suke zaune, wanda babu wani littafin girki da zai ba su irinsa.

Kafin a fita daga gida

Cefane mai kyau a ɗakin girki yake farawa. A buɗe firiji, a duba kwanduna, a ga abin da ya saura daga makon jiya, domin sayen albasa a kan albasar da aka manta da ita yana daga cikin hanyoyin da kuɗi suke zurarewa ba a sani ba. Daga nan a ƙirga bakunan da za a ciyar da kuma yawan girkin da za a yi a gida a makon, a cire ranakun da aka san ba za a ɗora tukunya ba.

Game da yawan abin da za a saya, akwai ma'auni mai taimako. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babban mutum da yaron da ya kai shekara 10 su ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kowace rana, yaro mai shekara 6 zuwa 9 ya ci giram 350, mai shekara 2 zuwa 5 kuma giram 250. Dankali da rogo da sauran saiwoyi masu sitaci ba sa cikin wannan lissafi. Idan gida yana da uwa da uba da yara uku masu shekara 12 da 7 da 4, ana buƙatar giram 1,800 ke nan a rana, wato kilo 12 da ɗoriya a mako, kuma sai an ƙara wani abu a kai saboda ɓawo da kara da ake zubarwa. Mutane da yawa sukan yi mamakin girman wannan adadi. Ko ba a kai gare shi ba a makon farko, saninsa yana nuna wa mai cefane inda ya dosa, yana kuma nuna dalilin da ya sa bin lokacin araha ya zama dole ga gida mai yara.

Jerin cefanen kuwa, a rubuta shi bisa aikin da kowane kaya zai yi, ba bisa sunansa ba. Maimakon a rubuta sunan wani ganye takamaimai, a rubuta cewa ana buƙatar ganye iri biyu na miya, da abin ci ɗanye iri biyu, da wani abu mai jure ajiya na ƙarshen mako, da 'ya'yan itace na yara, da kayan ƙamshi. Irin wannan jeri yana ba mutum damar ɗaukar abin da ya tarar da kyau, yana kuma hana shi kwasar abin da ba shi da gurbi a tukunyarsa. A ɗauki jaka mai ƙarfi ta kaya masu nauyi, da kwando ko mazubi mai faɗi na kayan da ba sa son matsi, da wata jaka daban ta nama ko kifi idan za a saya.

Sammako yana ba da zaɓi, domin ganye yana nan da ɗanyensa kuma rana ba ta taɓa shi ba. Zuwa dab da tashin kasuwa kuma yana ba da ragi, tun da mai kaya ba ya son komawa da saura. Wanda zai sayi abin ci ɗanye ya je da wuri; wanda zai sayi tumatir mai yawa don ya dafa ya ajiye, yammaci ya fi masa.

A cikin kasuwa

Kada a sayi komai a zagayen farko. A bi kasuwar daga wannan kai zuwa wancan, a ga abin da ya fi yawa a gaban masu sayarwa, domin abin da aka gani tuli a wurin mutum biyar ko shida shi ne yake lokacinsa. A zagaye na biyu ne ake ciniki, a fara da kaya masu nauyi da tauri waɗanda za su zauna a ƙasan jaka, a bi da masu laushi, a ƙare da ganye, sannan nama da kifi da madara su zama na ƙarshen ƙarshe domin su taƙaita zama a cikin zafi.

Babbar fa'idar kasuwar manoma ita ce wanda ya shuka abin yana tsaye a gabanka, kuma ana iya tambayarsa. Yaushe aka ciro wannan? Mako nawa ya rage kafin ya ƙare? Me zai fito nan gaba? Yaushe aka yi masa feshin ƙarshe? Tambayar ƙarshen nan tana da nauyi, domin kowane maganin ƙwari yana da adadin kwanakin da ya kamata a jira tsakanin feshi da girbi, kuma manomin kirki ya san wannan, ba zai ji haushin tambayar ba. Haka nan a san da wane ruwa ake ban ruwa, musamman ga latas da sauran abin da ba a dafawa. Ba kowa ne da ya baza kaya yake manomi ba. Akwai masu saro kaya daga nesa su zauna a cikin manoma. Sarin ba laifi ba ne, amma wanda aka ga yana da kowane irin kaya, har da waɗanda ba lokacinsu ba, duka girmansu ɗaya, to da wuya gonarsa ce ta fitar da su.

Wajen zaɓe, Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a nan hannu da hanci ma suna da aiki. Abu mai ruwa kamar lemu da kankana da kabeji, a ɗaga shi, wanda ya fi nauyi a kan girmansa shi ya fi ruwa. Ganye a duba ƙasan ɗaurin, ba samansa ba, domin daga nan ruɓa take farawa. Albasa ta kasance wuyanta a bushe, jikinta da tauri, ba tsiro. Karas da koren wake su karye da ƙara idan an lanƙwasa su. Dankalin turawa kada ya kasance da kore a fatarsa.

Akwai kuma wani ilimi da yake raba gwanin cefane da ɗan koyo, wato sanin 'ya'yan itacen da suke ci gaba da nuna bayan an tsinke su da waɗanda ba sa yi. Ayaba da mangwaro da gwanda da fiya da tumatir suna ƙarasa nuna a gida, saboda haka hikima ita ce a haɗa nunannu na yau da gobe da masu ɗan tauri na tsakiyar mako da ɗanyu na ƙarshensa. Lemu da kankana da abarba da inibi kuwa, zaƙin da suka baro gona da shi shi ne iyakarsu. Za su iya yin laushi ko su canza launi, amma ba za su ƙara zaƙi ba. Wanda ya sayi ɗanyar kankana da fatan za ta nuna a gida ya yi asarar kuɗinsa.

Kada a raina kaya don muninsu. Karas mai ƙafa biyu da tumatir mai karkataccen jiki ba su da aibi a tukunya, kuma sau da yawa an fi samun ragi a kansu. Abin gudu shi ne fashewa da huji da laushin ruɓa, domin ta nan ƙwayoyin cuta suke shiga. A wajen hatsi da gyaɗa kuma a tsananta bincike: duk wanda yake warin danshi, ko aka ga fumfuna ko baƙaƙen ƙwayoyi a cikinsa, a bar shi ko da kyauta ne, saboda wata fumfuna da take kama masara da gyaɗa tana fitar da dafin aflatoksin, wanda yake lalata hanta har ya jawo sankara, kuma dahuwa ba ta kashe shi.

Game da tayi, ra'ayina shi ne a nemi ragi idan za a sayi da yawa, amma kada a matse manomi a kan ɗauri ɗaya na ganye har ya sayar a faɗuwa. Wanda ya riƙe manomi biyu ko uku yana saye a wurinsu kowane mako zai ga ana ajiye masa mai kyau, ana yi masa gyara, ana kuma gaya masa gaskiya ranar da kayan ba su yi ba, kuma wannan ya fi ɗan abin da zai tsira da shi ta hanyar ja-in-ja.

Sa'ar farko bayan dawowa

A nan ne ake cin ribar cefane ko a zubar da ita. Mutum ya dawo a gajiye, abin da ransa yake so shi ne ya ajiye jakunkuna ya huta, amma kayan da aka bari a ƙunshe cikin leda na tsawon yini sun riga sun rasa wani ɓangare na rayuwarsu. A fara da nama da kifi, su shiga wuri mai sanyi nan take, a can ƙasan firiji inda ruwansu ba zai ɗiga a kan wani abu ba. Sannan a zazzage sauran a kan tebur ko faranti mai faɗi, a ware duk wanda ya ƙuje ko ya fashe a hanya domin ya shiga girkin ranar.

Kada a wanke abin da za a ajiye. Danshi yana gaggauta ruɓa, saboda haka wanki sai lokacin amfani. Ganye a kwance ɗaurinsa, a cire ruɓaɓɓu da rawaya, a naɗe shi a tsumma mai tsabta, a sa a firiji. Karas a yanke masa ganyen kai, domin ganyen yana ci gaba da zuƙe ruwan saiwar har ta yi yaushi. Albasa da tafarnuwa suna son wuri busasshe mai iska, leda kuwa maƙiyiyarsu ce. Dankalin turawa yana son duhu da sanyi-sanyi. Idan haske ya same shi yakan yi kore, kuma wannan kore alama ce ta ƙaruwar wani dafi mai suna solanin, wanda tafasa ba ta kawar da shi. Idan koren kaɗan ne a fere shi da zurfi, a ƙwaƙule tsiron. Idan ya mamaye dankalin ko yana ɗaci, a zubar. Kada kuma a haɗa shi da albasa a kwando ɗaya, domin suna gaggauta lalacewar juna.

Ba kowane abu ne yake son firiji ba. Ayaba da mangwaro da tumatirin da bai gama nuna ba 'ya'yan ƙasa mai zafi ne, kuma sanyin da ya yi ƙasa da kimanin digiri 12 a ma'aunin Salshiyas yana cutar da su: ayaba ta yi baƙi, tumatir ya rasa ƙamshinsa, mangwaro ya ƙi nuna. A bar su a inuwa har su nuna. Idan tumatir ya nuna sarai kuma ba a shirya amfani da shi ba, to a nan gara firijin da ruɓa.

Sai batun wata iska da ido ba ya gani, mai suna etilin, wadda ayaba da tuffa da tumatir da fiya suke fitarwa yayin da suke nuna. Wannan iska tana sa ganye ya yi rawaya, kokwamba ta yi laushi, karas ya yi ɗaci. Saboda haka a raba masu fitar da ita da masu jin ta. Ana kuma iya juya ta zuwa amfani: idan ana son fiya ko mangwaro ya nuna da wuri, a sa shi a jakar takarda tare da nunanniyar ayaba, a rufe.

Gidan da ba shi da firiji, ko wutarsa ba ta da tabbas, ya raba cefanensa biyu a mako, ya rinjayar da sayensa ga kabewa da kabeji da albasa da karas waɗanda suke jurewa. Ana kuma iya sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa. Yayin da ruwan yake bushewa yana janye zafi daga ciki. Dabarar ta fi aiki inda iska take a bushe, kuma ta kayan lambu ce, ba ta nama ko dafaffen abinci ba.

Tsara girkin mako

Yanzu ne ake yanke shawarar abin da za a dafa, kuma ƙa'idar guda ce: abin da zai riga lalacewa shi zai riga shiga tukunya. Kwana biyun farko na ganye ne da kifi da ɗanyar masara da duk wani abu mai laushi. Tsakiyar mako ta tattasai ce da koren wake da kokwamba da tumatirin da ya ƙarasa nuna. Ƙarshen mako kuma na kabeji ne da karas da kabewa da dankali, tare da busasshen wake da ƙwai. Girkin ranar ƙarshe kafin a koma kasuwa ya zama na tattara saura, miya ko romo ko soyayyen haɗi wanda zai karɓi duk abin da ya rage.

Abin da ya fi sauƙaƙa wa mai girki aiki shi ne ya yi wasu ayyuka sau ɗaya don mako duka. A markaɗa tumatir da albasa da tattasai, a dafa har ruwan ya tsotse, a raba a ƙananan mazubai gwargwadon girki ɗaya-ɗaya. A jiƙa wake mai yawa a dafa, a raba shi haka nan. Da waɗannan a hannu, abincin dare ba ya wuce a ɗora hatsi a wuta, a ɗauko mazubi ɗaya, a ƙara kayan lambun da layi ya zo kansu. Akwai gargaɗi game da jan waken nan mai siffar ƙoda: bayan jiƙo, dole ya tafasa sosai na aƙalla minti 10, domin yana ɗauke da wani sinadari da yake jawo amai da gudawa idan an dafa shi a kan wuta mai rauni kawai.

Yadda ake dafawa yana da tasiri a kan abin da jiki zai samu. Bitamin C yana narkewa a ruwa kuma zafi yana lalata shi, saboda haka ganye ba ya son ruwa mai yawa ko doguwar dahuwa. A zuba shi a ƙarshe, a sauke yana da sauran korensa, ruwan kuma kada a tsiyaye shi a zubar in dai zai shiga miya. Karas da kabewa da tumatir kuwa sun fi ba da amfaninsu idan an dafa su da ɗan mai, domin sinadaran da suke ba su launi a mai suke narkewa. Sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye jiki ya fi karɓarsa idan an haɗa da abu mai bitamin C, kamar matsin lemun tsami ko ɗanyen tumatir, shayi kuma yana rage karɓarsa, don haka a ba da tazara tsakaninsa da abinci. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana ga babban mutum, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta. Kayan da suka nuna a lokacinsu, da tafarnuwa da citta da ɗan tsami, suna rage buƙatarsa ƙwarai.

Abin da za a ci ɗanye a wanke shi da ruwa mai tsabta yana gudana, ana murzawa da hannu, ba da sabulu ba. Kankana ma a wanke bayanta kafin a yanka, domin wuƙa tana jan dattin ɓawo zuwa ciki. Katakon yanka nama da wuƙarsa su zama daban da na kayan lambu. Idan an ga fumfuna a jikin abu mai laushi kamar tumatir, a zubar da shi gaba ɗaya. Mai tauri kamar karas ko kabeji ana iya yanke wurin tare da kimanin santimita biyu da rabi na kewayensa.

Yara sukan ƙi sabon abu, kuma wannan ɗabi'a ce, ba taurin kai ba. Yaro yana iya buƙatar a gabatar masa da abu sau da yawa kafin ya karɓa, saboda haka a riƙa sa masa kaɗan a gefen abin da ya saba, ba tilas ba faɗa. A tafi da shi kasuwa wani lokaci, a bar shi ya zaɓi abu ɗaya da kansa, a ba shi aikin tsinke ganye ko ɓare wake. Inibi da sauran ƙananan abubuwa masu zagaye a tsaga su a tsaye ga ƙananan yara don gudun shaƙewa, zuma kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba.

Ragowar abinci na buƙatar kulawa ta musamman. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya nuna mutum miliyan 600 suke kamuwa da ciwo a kowace shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, 420,000 suke mutuwa, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60, saboda haka kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a fili. A juye shi a mazubi marar zurfi domin ya huce da sauri, a sa a firiji, a cinye cikin 'yan kwanaki, kuma idan za a ɗumama a tabbata ya yi zafi har tsakiyarsa yana tururi. Dafaffiyar shinkafa ta fi buƙatar wannan, domin akwai ƙwayar cutar da take tsira daga dahuwa, ta fitar da dafi idan shinkafar ta daɗe a ɗumi, kuma sake ɗumamawa ba ya kashe dafin.

Ajiya a lokacin yalwa

Idan wani amfani ya kai ganiyarsa, a ware yini ɗaya don ajiya, amma a sayi iya abin da za a gama sarrafawa a wannan yinin. Mai firiza ya tsoma koren wake ko karas ko ganye a tafasasshen ruwa na minti biyu zuwa uku, ya tsame ya jefa a ruwan sanyi, ya tsane, sannan ya daskarar. Wannan tsomawa tana tsayar da sinadaran da suke ci gaba da ɓata launi da ɗanɗano ko a cikin ƙanƙara. Firiza ta kasance a digiri 18 ƙasa da sifili. Busarwa ba ta buƙatar wuta: a yanka tumatir ko tattasai sirara, a shanya a kan abu mai tsayi daga ƙasa, a rufe da raga saboda ƙuda da ƙura, ganye kuma a shanya shi a inuwa mai iska domin ya riƙe launinsa. Kada a ɗure har sai ya bushe ƙayau, domin ɗan danshin da ya rage ya isa ya kawo fumfuna.

Ɗurawa a kwalba ita ce hanyar da ta fi haɗari ga wanda bai ƙware ba. Kayan da ba su da tsami, kamar wake da masara da karas da nama, idan an rufe su a kwalba ba iska, ƙwayar cutar botulizim, wadda dafinta yake iya kisa, tana iya rayuwa a ciki, kuma tafasar ruwa ta yau da kullum ba ta isa ta kashe ƙwayayenta ba, sai da tukunyar matsi ta musamman da take kai zafi sama da digiri 115. Tafarnuwar da aka jiƙa a mai aka bari a fili ma tana da wannan haɗari. Wanda ba shi da kayan aikin ya tsaya ga daskararwa da busarwa da jiƙawa a ruwan kal, wato ruwan tsamin binega, mai ƙarfi.

Kowane mazubi a rubuta masa sunan abin da ke ciki da ranar da aka ajiye shi, a jera tsofaffi a gaba, sababbi a baya. A cikin littafin cefane kuma a rubuta yawan abin da aka ajiye da watan da ya ƙare, domin da wannan ne za a san ko baɗi za a ƙara kwando ɗaya na tumatir ko za a rage.